Hoton da bai fito ba kafin a watse

Lokacin da na bar hannun maigidana na fara cin gashin kaina a sana'ar hoto, duk hankalina yana kan kyamara. Firinta kuwa, a ganina, kowacce aka samu ta yi. Na shiga kasuwa na zaɓi wata mai tankin tawada kala shida, saboda mai shagon ya buga min hoton gwaji na ga launi ya fito tas, tawadarta kuma da arha. Ban tambaye shi tsawon lokacin da hoto ɗaya yake ɗauka ba. Muna ta hira ne, shi ya sa ban ji jiran ba.

A wani yinin biki na ji shi a jikina. Mata sun cika gida da anko, kowacce tana son hotonta da amarya. Kafin la'asar na ɗauki hoto ya fi sittin, yarona yana gefe da laftof da firinta a kan teburin roba. A ingancin da nake so, kowane hoto sai ya haura minti guda, ga takardar da na saya mai arha ce, sai ta sha iska kafin a taɓa. Wata Hajiya ta gaji da jira ta sa hannu ta ɗauki nata, babban yatsanta ya kwashe rabin fuskar amarya. Ta dube ni ta ce, "Malam mai hoto, wannan zan kai gida?" Ban iya ce mata komai ba. Ana kiran magariba aka fara watsewa. Na koma gida da tarin hotunan mutanen da ban san sunansu ba, balle unguwarsu, kuma babu wanda ya biya.

Da na kai kukana wurin maigidana, cewa ya yi, "Kai firintar shago ka kai wurin biki." Ita mai tawada tana da amfaninta, musamman wajen manyan hotunan da za a sa a firem, inda mai kaya zai dawo gobe ya karɓa. Amma a wurin taro, sha'awar hoto ba ta wuce lokacin da kwalliya take jiki. In mutum ya shiga mota, cinikin ya tafi da shi.

Daga nan na koma wa firinta mai ribon (wato naɗin siririyar leda mai ɗauke da launuka), wadda take aiki da zafi maimakon fesa tawada. Na fara da ƙaramar Canon Selphy CP1300. Takarda tana shiga ta fita sau huɗu: rawaya, sai ja, sai shuɗi, sai wani shafi na ƙarshe da yake kare hoton daga ruwa da shatin yatsa. Cikin kimanin daƙiƙa 47 hoto mai girman inci 4x6 ya fito a bushe, ka miƙa shi hannu da hannu. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne lissafi. Kwalin takarda 108 yana zuwa da ribon daidai yawansa, don haka na san kuɗin kowane hoto tun kafin na faɗi farashi. Ana kuma sayen batirinta daban, wanda ya sha fitar da ni kunya a wuraren suna da saukar Alƙur'ani inda babu wuta.

Sai dai taro in ya yi girma, ƙaramar ba ta iya ɗaukarsa. A yaye ɗalibai, inda kowane yaro yake da iyaye da ƙanne a bayansa, sai irin DNP DS-RX1HS, wadda naɗin takarda ɗaya yake ba da hoto 700, kowanne cikin daƙiƙa 13 ko ƙasa da haka. Nauyinta ya kai kilo 14, kuma tana son wuta tsayayya. Janaretan ɗakin taro da ake rabawa da mai kiɗa ba abin dogaro ba ne. In wuta ta ɗauke hoto yana tsakiya, takarda da ribon ɗin wannan hoton sun tafi. Ni dai ba na jona ta sai ta bayan UPS, wato na'urar batiri da take riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke.

Akwai tambayar da nake fara yi yanzu kafin ma na tambayi kuɗin na'ura: a ina zan samu takardarta da ribonta, kuma kullum akwai? Kowace irin wannan firinta nata take ci, ba ta karɓar na wata. Na ga abokin sana'a ya sayi ta hannu da arha yana murna, kayan da suka zo da ita suna ƙarewa ta zama kayan ado a shago.

Ƙura kuma ita ce abokiyar gabarmu a lokacin hunturu. Tunda takardar ƙaramar firinta tana leƙowa ta baya a kowane zagaye, ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka a kanta sai ka ga farin ɗigo a goshin mutum. Na koyi barin fili a bayanta, da nisantar bakin ƙofa, da rufe ta da zane in ba ta aiki. Yarona ma ya san ba a taɓa fuskar takarda, a gefe ake riƙe ta.

Wani abu ne ban sani ba sai da na warware tsohon ribon a gaban fitila. Duk hoton da aka buga, siffarsa tana nan a jiki, fuska bayan fuska. Na tsaya ina kallon matan mutane da 'ya'yansu, waɗanda suka yarda na ɗauke su a cikin gidan biki inda ba kowane namiji yake shiga ba, ga shi ina zubar da su a bola yara suna wasa da su. Tun daga ranar, duk ribon da ya ƙare jakata yake komawa, in na isa gida na sa almakashi na yi masa gunduwa-gunduwa kafin na zubar.