Kuɗin shinge da mai ƙaramin jari

Jiya na raka ƙanena ɗauko albasa daga Goronyo zuwa Sakkwato, wallahi abin da na gani ya tsaya min a rai. Kowane shinge sai direba ya naɗe ɗari biyar cikin tafin hannu ya miƙa, ba rasit ba duba takardu, wani ma leƙowa yayi yana cewa "Alhaji a ba yara na ruwa mana". Mun iso kasuwa kuma aka kawo ma ƙanen nawa tikiti kala biyu na haraji guda. Yaron nan bashi ya ci ya sayi buhunnan ga, kuma duk abin da aka tatsa kan uwar gida mai sayen albasar miya zai ƙare.

Babban ɗan kasuwa yana da lauya, yana da lambar manya a waya. Ƙarami ko in an cuce shi kotu ma tsoronta yake, don sai a yi ta ɗage zama har kuɗin mota su fi abin da yake bi, dole ya bar ma Allah.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Tunisiya Mohamed Bouazizi mai tura baron kayan marmari a Sidi Bouzid, kayanshi aka ƙwace a Disamba 2010, baƙin ciki yasa ya cinna ma kanshi wuta. Mu nan hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na nan tun 2000, ga EFCC, amma a 2024 ƙungiyar Transparency International mai auna cin hanci a ƙasashen duniya maki 26 cikin 100 ta ba Najeriya, Denmark ko 90, ƙarancin maki kuwa yawan cin hanci yake nufi. Ni dai ban taɓa jin an gurfanar da mai karɓar ɗari biyar ɗin ga ba.