Wanki biyu a dare ɗaya

Ranar Litinin da daddare, bayan na rufe shago a Farm Centre, na biya majalisarmu ta Gwammaja da niyyar in sha shayi in wuce gida. Hirar ƙwallo ce ta cika wajen. Najeriya ta fitar da Angola a gasar cin kofin Afirka da ci ɗaya mai ban haushi ranar Juma'a, don haka kowa ya zama koci, ana ta tsara yadda za a yi da Afirka ta Kudu ranar Laraba. Ni dai na koma ƙarshen benci da wayata, ina so in ƙarasa shirin Saturday Night Live na ranar 3 ga Fabrairun 2024. Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ƙwallo ba ta taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba, ya matso ya ce, "Kai kuma me kake wa murmushi kai kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir?" Na zare abin kunne ɗaya na miƙa masa.

Shirin barkwanci ne na tashar NBC a Amurka, tun 11 ga Oktoba 1975 ake yin sa, kuma Lorne Michaels da ya ƙirƙiro shi har yau shi ke riƙe da akalarsa, in ka cire shekara biyar da ya taɓa bari. Kai-tsaye ake watsa shi daga Niyok, ƙarfe 11:30 na daren Asabar, tsawon minti 90. A agogonmu ƙarfe 5:30 ne na asubar Lahadi, wato lokacin da suke ihun buɗe fage mu muna laluben buta da ruwan ɗumi cikin sanyin hunturu. Shi ya sa sai dai mu bi shi a YouTube, gunduwa-gunduwa. Kowane mako ana gayyato baƙo ya jagoranci wasannin, da mawaƙi ɗaya. Na wancan makon 'yar wasan kwaikwayo Ayo Edebiri ce baƙuwar, haifaffiyar Boston a 1995, babanta ɗan Najeriya, mahaifiyarta 'yar Barbados, kuma a Janairun 2024 ta karɓi kyautar Emmy ta wasannin talabijin. Mawaƙiyar kuwa Jennifer Lopez. Da na gaya wa Kawu asalin yarinyar, na kuma nuna masa Ego Nwodim cikin 'yan wasan gidan na lokacin, wadda ita ma iyayenta 'yan Najeriya ne, sai ya gyara zama ya ce, "Ashe namu ne." Na ce, "Kawu, namu na nesa dai."

Wasan farko shi ne wanda ya ɓata min rai, kuma shi ne aka fi yayatawa. An kwaikwayi taron jin ra'ayin jama'a, James Austin Johnson yana yin Donald Trump. Gaskiya yaron ya iya. Ba murya kaɗai ya ɗauko ba, har da yadda mutumin ke fara magana kan abu ɗaya ya ɓace cikin abu bakwai. Ana cikin haka sai wata mata ta miƙe daga cikin jama'a za ta yi tambaya, ashe Nikki Haley ce da kanta, tsohuwar gwamnar Karolina ta Kudu, wadda a lokacin take takarar tikitin shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican da Trump na gaskiya. Ta tambayi Trump na bogi dalilin da ya sa ya ƙi yin muhawara da ita, aka yi tafi. Can ƙarshe Ayo ta tashi ta tambaye ta mene ne ya haddasa yaƙin basasar Amurka, ta kusa furta mata amsar da bakinta: bauta. Haley ta yi murmushi ta ce e, abin da ya kamata ta faɗa ke nan tun farko. Daga nan aka ba ta damar faɗin kalmar buɗe shirin.

Sai da na dakatar da bidiyon na yi wa Kawu bayani. A ƙarshen Disambar 2023, a wani taro a New Hampshire, an yi wa matar wannan tambaya da gaske, ta yi ta kewaye-kewaye ba ta ambaci bauta ba. Yaƙin nan na 1861 zuwa 1865 kan bayi aka yi shi, kuma jihar da ta mulka ita ce ta fara ɓallewa a Disambar 1860. Ba mantuwa ta yi ba, lissafin ƙuri'a ne. Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "To ai wanke ta suka yi, ɗan nan. Sun ba ta sabulu, sun ba ta ruwa, sun kuma tafa mata."

Maganarsa ce ta tsaya min. Abin da ya dame ta wata guda, an mayar da shi raha ta daƙiƙa ashirin, ga shi a lokacin zaɓen fid da gwani na jiharta na tafe ranar 24 ga Fabrairu. Ɗan kama na garin nan in ya ɗaura rawani ya buɗe littafi yana jan baƙi da muryar tafsiri, amma abin da yake karantowa tuwo ne da miyar kuka, daɗin abin shi ne malamin ba ya cikin shirin. Da malamin zai zo ya tsaya gefensa yana ja masa baƙin, ai dariyar ta mutu, ta koma talla. Wawan sarki ma yana gasa wa sarki magana a gaban fadawa, amma kowa ya san daga akushin wa yake ci, shi ya sa maganarsa ba ta taɓa tsige kowa ba. Daren nan gidan NBC wawan sarki ya zama.

Kar a ce ban ga ɗaya gefen ba. Mu nan Kano, a Nuwambar 2022, kotu ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tarar naira 10,000 da sharar kotu ta kwana 30 saboda sun taɓa gwamnan lokacin. Wanda ya fito daga irin wannan gari, in ya ga ana kwaikwayon tsohon shugaban ƙasa a talabijin kowa ya koma gida lafiya, dole abin ya burge shi. Ya burge ni. Sai dai 'yancin da ka samu ka yi amfani da shi wajen goge wa ɗan siyasa takalmi, ban ga inda ya kai ka ba.

Wanki na biyu kuma na ita Ayo ne, kuma shi na yarda da shi. Kwana kaɗan kafin shirin aka tono wata hira da ta yi a 2020, inda ta ce duk harkar waƙar Jennifer Lopez damfara ce. Ga shi yanzu an haɗa su dare ɗaya, gida ɗaya. Sai aka shirya wasan kacici-kacici, Kenan Thompson, wanda yake gidan tun 2003, yana alƙalanci: ana karanto wa kowa baƙar maganar da ya rubuta a ƙarƙashin hoton wani a Instagram, a tambaye shi me ya sa ya faɗi haka. Kowa na ta inda-inda. Can sai Ayo ta fashe, ta ce sun ji, ba daidai ba ne mutum ya saki baki a hira bai duba wanda zai ji ciwo ba, don kawai yana ɗan shekara 24 da wauta. Jama'ar ɗakin suka gane da wa take, aka kece da dariya. Bambancin shi ne ita ba ƙuri'a take nema ba, wadda ta taɓa tana bayan labule tana ji, kuma kanta ta zaga, ba wani ba. Kawu bai jira bayanina ba a nan. Ya ce shi ma yana da irin waɗannan a zauren WhatsApp na unguwa, ya fara lissafo su da yatsa, sai da na tsayar da shi don biyu daga cikinsu suna zaune a bencin gaba.

Sauran dai hawa da sauka. Labaran raha na Colin Jost da Michael Che, rabinsu sai ka san siyasar cikin gidan Amurka, na gaji da fassara na tura gaba. Akwai wata waƙa kan bokitin gugguru da na tsallake da sauri, don ba abin da za ka kalla da ƙanin mahaifiyarka ba ne. Waƙoƙin Lopez ma haka na yi musu, saboda data da kuma kunya. Wani abu da ya sosa min ido shi ne yadda wasu 'yan wasan ke satar kallon gefen kyamara, inda ake ɗaga musu kwalaye da maganarsu a rubuce. Na san dalili: a mako guda ake rubuta komai, ana gwaji na ƙarshe ƙarfe 8 na daren, a yanke wasu wasannin, a sauya layuka kafin a hau. Duk da haka, wanda ya tashi yana kallon marigayi Samanja da marigayi Ibro, waɗanda magana ke zubo musu ba takarda, sai ya ga abin wani iri.

Gwarzon daren kuwa wasan ɗan dabo ne, irin masu sa mutum barci a tsaye su juya shi yadda suke so, da aka gayyato wata makaranta. Ayo ta fito a matsayin wani yaro Solomon, ɗan tsurut, mai taurin kai, yana ta shelar shi fa bai yarda a juya masa hankali ba, alhali ba wanda ya kira shi. Duk jikinta ta sa a ciki: kafaɗa a ɗage, ido a zare, murya na rawa. Kowane aji da na zauna a ciki akwai irin wannan yaron. Nan ne kawai ban fassara wa Kawu ko kalma ɗaya ba, amma ya yi dariya har ya sarƙe da shayi, masu gardamar ƙwallo suka juyo suna tambayar lafiya.

In maki zan bayar, shida cikin goma, kuma huɗu daga ciki na yarinyar ne. Kawu ya ce shi takwas ya bayar, tunda ba shi ya sayi datar ba. Ya miƙo min abin kunnena, ya sake karɓewa, ya ce in mayar masa da wajen Solomon ɗin nan kafin mai shayi ya kwashe benci.