Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Garwar Goggo

Makon jiya na bar ku a bayan motar kaya, muna ficewa daga Kartum, babban birnin Sudan, a farkon watan Mayun 2023, ni da 'yar jakata da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya riga ya rabu. Yau sai Wad Madani, babban birnin jihar Jazira.

Tafiyar ba ta cika kilomita 200 ba, amma wuni muka yi a hanya saboda shingayen masu bindiga. A shinge na uku aka raba ni da wayata. Abin da ya tsira shi ne kuɗin da na ɗinke a kugun wando tun ranar Asabar ɗin nan, 15 ga Afrilu, da yaƙi ya ɓarke aka fara harbi ana cikin azumi. Ku riƙe zancen kuɗin nan, zan dawo kansa.

Gidan Goggo na nufa. Mahaifinta wan kakana ne. Shi ya musulunta, ya kama hanyar gabas a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, har ya yi aure a Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakana kuwa ya zauna a ƙasar Katsina yana Bamaguje har 'yan mishan suka iso ƙauyenmu. Tsatso ɗaya, hanya biyu.

Na tarar da ita a kan gadon igiya tana jan carbi.

"Wane ne?"

"Ni ne, Goggo, mai tsiren agashe na Omdurman."

"Ɗan mishan! Da ranka? Lale, lale. Ku ba shi ruwa, ku shimfiɗa masa a zaure."

Ba ta tambaye ni kwana nawa zan yi ba. Ni ne na goma sha tara a gidan, ɗaki uku.

A kusurwar ɗakinta akwai wata tsohuwar garwa da take zuba garin dawa. Da asuba takan buɗe ta da kanta, ta auna da ƙoƙo, ta miƙa wa surukarta. Kullun da ya kwana ya yi tsami shi ake zubawa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a shafe shi da ɗan guntun kaba har ya yi siriri kamar takarda, a ɗaga. Kisra ke nan. Kowa falle biyu da miyar kuɓewa busasshiya. Idan ƙoƙon ya taɓa gindin garwa akwai wata ƙara da yake yi, ƙwar-ƙwar, daga zaure nake jinta.

Ni kuwa a lokacin fushi nake da Allah, gara in faɗa muku gaskiya. Shekara huɗu a Omdurman, ƙetaren kogi da Kartum, ina gasa agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan ci, ina tara kuɗin aure. Ban taɓa fashin zakka ba, ban taɓa fashin sujada ba. Ashe a zuciyata na mai da bangaskiya adashi: ina zubi, ina jiran ranar kwasata. Da firji da tebur da buhun ƙuli-ƙuli suka tafi a rana ɗaya, sai na ji kamar uwar adashi ta gudu da kuɗina. Na daina addu'a. Goggo idan ta tashi sallar asuba takan ƙwanƙwasa ƙofar zaure ta ce, "Ɗan nan, tashi ka yi taka." Sai in yi shiru kamar ina barci.

Lahadi ta uku na je sujada, ba don komai ba sai don in huta da cunkoson gida. 'Yar majami'a ce ta mutanen duwatsun Nuba, da Larabci ake komai, ni kuwa Larabcina na kasuwa ne. Wani dattijo ya tashi ya kira 1 Sarakuna sura 17, na buɗe nawa ina bi.

Labarin Iliya ne, na san shi tun Makarantar Lahadi. Amma dattijon nan, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi, bai tsaya kan hankakin da suka riƙa kawo abinci ba. Ya ce mu duba da kyau: Allah da kansa ya aiki Iliya rafin Kerit, rafin kuma ya ƙafe a gabansa. Ba zunubi ya yi ba, ba kuma ɓatan hanya ya yi ba. Daga nan aka tura shi Zarefat wurin gwauruwa mai tafin gari guda da ɗan mai. Ya ce, ku nemo mini inda aka rubuta tukunyar ta cika. Babu. Cewa aka yi ba za ta ƙare ba. Wato kullum safiya matar nan gindin tukunya take gani, kullum kuma a ci. Sa'an nan ya ƙara da cewa matar ba Ba'isra'iliya ba ce, 'yar ƙasar Sidon ce, ƙasar su Yezebel, sarauniya mai bautar gumaka. Da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat wannan a Luka sura 4, sai da suka nemi jefa shi daga kan dutse.

Gumi ya keto mini. Kuɗin nan na kuguna ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Mako uku ina cin kisrar tsohuwa, ina jin ƙarar garwarta, ina ƙorafin Allah ya yashe ni, alhali hannuna na kan kugu ko a cikin barci. Inda na dogara ke nan.

Da dare na nemi reza na farke ɗinkin, na durƙusa a gabanta na ajiye.

Ta dube su, ta dube ni. "Na daɗe da sani. Wa ke kwana da wando ɗaya a zafin nan?"

"Ki yafe ni, Goggo."

"Allah ya yafe mu baki ɗaya." Ta raba biyu, ta turo mini rabi. "Wannan na dawa. Wannan ka sayi gawayi da nama ka koma sana'arka. Zama ba na namiji ba ne."

Haka na kafa tukuba a bakin titi da rabin ganga da ragar ƙarfe. Garin ya cika da mutanen Kartum, masu kuɗi da marasa shi, har makarantu sun koma wurin kwana. Ciniki yana nan, amma farashin nama ba ya kwana inda ya wuni. Abin da na samu da dare shi ke sayen garin gobe, ba ragi, ba ƙari. Wata bakwai ban ajiye ko fam ɗaya ba.

A nan ne addu'ar da na haddace tun ina yaro ta fara yi mini magana, inda muke cewa a ba mu rananga abincin yini. Da can da baki nake faɗarta, zuciyata tana roƙon na shekara. Har yau idan na ji mai wa'azi yana cewa mai bangaskiya ba ya ganin gindin tukunya, sai in ce a raina, bawan Allah bai taɓa kwana a zaure ba. Ban ce fushina ya tafi a dare ɗaya ba. Akwai safiyar da abin da na iya furtawa kawai shi ne "Ubangiji, ga ni." Amma idan Goggo ta ƙwanƙwasa, ina tashi.

Ranar Juma'a, 15 ga Disamba, saura kwana goma Kirsimeti, na gama soke nama a tsinke ke nan sai muka ji rugugi daga gabas, ta ƙetaren kogi. Duk wanda ya fito daga Kartum bai tambayi ko mene ne ba. Mata suka fara ɗaure kaya. Na ruga gida na tarar da Goggo ta juye sauran garin cikin ɗankwali tana ƙullewa.

"Riƙe wannan," in ji ta. "Ka tafi da yaran. Ni ba inda za ni."

Yadda muka ƙare da ita, da abin da ya same mu a hanyar Sinnar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.