Bayit 4 ɗin da suka hana ioctl aiki

Wani direban Linux (manhajar da ke sarrafa na'ura a cikin kenel, wato zuciyar tsarin) na katin PCI aka miƙo min, kenel ɗin 64-bit ne amma tsohuwar manhajar da ke magana da shi 32-bit ce, masu ita kuma sun ce ba mai taɓa ta. Ko yaushe ta kira ioctl, hanyar da manhaja ke aika wa direba umarni, sai kuskuren ENOTTY ya dawo, wai direban bai san umarnin ba, alhali fayil ɗin .h guda, mai bayanin umarnin, suke amfani da shi.

Ashe abin yana cikin struct ɗin ne, wato ƙunshin bayanan da ke tafiya da umarnin, __u32 (bayit 4) a gaba sai __u64 (bayit 8, mai ɗauke da adireshi) a bayansa. A x86_64, wato 64-bit, kompaila (manhajar da ke fassara kod) ba ta ajiye __u64 sai a adireshin da 8 ke rabawa, sai ta bar ramin bayit 4 a tsakani girman ya zama 16, a i386 mai 32-bit kuwa 4 ya wadatar, girman 12. To shi _IOWR, mai haɗa lambar umarni, yana cusa girman struct cikin lambar umarnin kanta, lambobin suka sha bamban, switch ɗin da ke tantance umarni a direban ya wuce abinsa. Ni dai na ce gara haka wallahi, da lambar ta dace da direban ya kwashi rabin adireshi ya haɗa da shara. Kuma fa firosesan ARM 32-bit mai ƙa'idar EABI a kan 8 yake jerawa, da a can aka gwada ba za a ga komai ba.

Tsohon umarnin ba ya canzuwa tunda akwai mai dogaro da shi, dole na rubuta compat_ioctl, mai karɓar kiran manhajar 32-bit, da struct mai compat_u64 (__u64 mai jeri irin na 32-bit) yana fassarawa. Sabbin umarni kuwa na daina barin kompaila ta yi min zaɓi, ni nake sa filin pad mai cike ramin da hannuna, in ba sifili ba ne direban ya mayar da kuskuren EINVAL, ta haka gobe za a iya ba filin wani aiki. Ba long, ba foyinta, don girmansu ya bambanta a 32 da 64, adireshi a __aligned_u64 mai jeri a kan 8 ko'ina yake tafiya sai u64_to_user_ptr ya juya shi zuwa foyinta.

Wani abokin aiki ya ce in sa packed, mai hana kompaila barin rami, kawai in huta, ban yarda ba, a wasu firosesa kompaila sai ta koma ɗebo filin bayit-bayit. Da pahole, mai nuna ramukan struct, nake bin struct ɗin yanzu a ginin 32 da na 64 in kwatanta, sannan in share shi da memset kafin copy_to_user ya miƙa wa manhaja, don ramin da ba a share ba abin da ke stack ɗin kenel yake fitarwa waje.