Rum ɗin sojojin ruwa: abin da ke cikin kwalbar da yadda ake ɗanɗana shi

Rum barasa ce da ake yi da rake, galibi daga baƙin maɗin nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Wanda ake kira na sojojin ruwa kuwa ba daga tukunya ɗaya yake fitowa ba, haɗi ne na rum ɗin ƙasashe uku ko huɗu na yankin Karebiyan. Duk aikin mai ɗanɗano shi ne ya rarrabe su, ya gane ina Guyana take, ina Jamaika ta leƙo. Wanda ya kurɓa kai tsaye daga kwalba ba zai ji komai ba sai wuta a maƙogwaro.

Asalin abin, rundunar ruwan Ingila ce. Bayan Turawan Ingila sun kama Jamaika a 1655 aka soma ba matuƙa rum a jiragen yaƙi, don ba ya lalacewa a doguwar tafiya. A 1740 Admiral Edward Vernon ya ga maye ya yi yawa, sai ya ba da umarnin a riƙa sirka shi, kashi ɗaya na rum da kashi huɗu na ruwa. Daga baya aka yi ta rage rabon, har a 1850 ya tsaya kan kimanin mililita 71 a rana. Ranar 31 ga Yuli, 1970 aka raba na ƙarshe. Kwalaben yau irin su Pusser's, Black Tot, Lamb's da Wood's suna bin sawun haɗin da ake yi wa rundunar a da a manyan kwatarniyoyin katako a Deptford, bakin kogin Thames a Landan.

A fara da ƙarfinsa, don nan aka fi ruɗewa. Rum ɗin da rundunar ke rabawa a da, kashi 54.5 cikin ɗari nasa tsantsar barasa ce. Wasu kwalaben suna kai 57, ma'aunin da ake cewa idan aka jiƙa albarushi da shi zai kama wuta duk da haka. Akwai kuma masu 40 da suka ɗauki sunan kawai. Abin lura, mililita 71 a ƙarfin 54.5 na ɗauke da tsantsar barasa kusan mililita 39, ya fi abin da ke cikin babbar kwalbar giya. Saboda haka ma'aunin ɗanɗano mililita 20 zuwa 25 ne, kuma masu haɗin da kansu tofarwa suke yi.

Ƙashin bayan haɗin shi ne na Guyana, daga gaɓar kogin Demerara. A can, a masana'antar Diamond, har yanzu ana aiki da tukunyar dafa rum da ake kira Port Mourant, wadda cikinta katako ne maimakon tagulla. Tagulla tana tsotse wasu sinadarai masu nauyi daga tururin, katako kuwa yana barin su su wuce. Shi ya sa rum ɗin ke fitowa da maiƙo, da ƙamshin mazarƙwaila da ta ɗan kama ƙasan tukunya, da zabibi, da busasshen dabino, da wani abu kamar fatar da ta fito daga majema. Na Jamaika, daga wurare irin su Hampden da Worthy Park, ana barin sa ya daɗe yana tsima kafin a dafa, sai ya zo da ƙamshin ayabar da bawonta ya yi baƙi da abarbar da ta nuna har ta soma tsami. Kaɗan ake sakawa, domin in ya yi yawa sai ya danne kowa. Na Barbados mai laushi ne, aikinsa ya sulhunta sauran. Na Tirinidad yawanci marar nauyi ne, sai dai tsohon na Caroni, masana'antar da aka rufe a farkon shekarun 2000, wanda ke warin kwalta da baƙin mai. Wannan warin ba aibi ba ne, shi ake nema, shi ne ma ya sa tsadarsa.

Kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki ake so, kada a wanke shi da sabulu mai turare. Kada a sa ƙanƙara, sanyi yana kulle ƙamshi. Amma zafi ma matsala ne: in ɗaki ya haura digiri 30, barasar ce ke fara tashi ta toshe hanci, gara a ajiye kwalbar a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20. A zuba mililita 25, a bar shi minti goma. Kada a kaɗa kofin da ƙarfi. A kawo hanci a hankali daga gefen baki, leɓe a ɗan buɗe, a ja numfashi gajere. Wanda ya cusa hanci ciki ya zuƙa zai yi minti biyu ba ya jin komai.

Kurɓin farko ɗan mitsitsi ne, na sabar wa harshe kawai, kada a yanke hukunci da shi. Na biyu a riƙe shi daƙiƙa biyar zuwa goma. Sai a zo kan ruwa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Ruwa marar ɗanɗano, ba na famfo mai warin magani ba. A fara da ɗigo biyar, a jira, a sake shinshinawa. Don a sauko da mililita 25 daga 54.5 zuwa 40, ana bukatar ruwa mililita 9, kusan cokalin shayi biyu. A wannan matakin 'ya'yan itacen Jamaika ke fitowa fili, yajin kanumfari da kirfa na gangar katakon da aka ajiye rum ɗin a ciki ya rabu da zafin barasa. Masu haɗi kan sauko da shi har 20 in suna farautar aibi, amma a nan jikinsa ya mutu, na shinshinawa ne kawai. Ruwa in ya shiga ba ya fita, don haka a bi a sannu.

Launi kuwa maƙaryaci ne. Baƙin da ake gani a yawancin kwalaben nan na ƙonannen sukari ne da ake ɗigawa, ba shekaru ba. In ya yi yawa yakan bar ɗaci marar daɗi a ƙarshen harshe, daban da baurin ganga mai kama da na goro. Wasu kuma sukari suke ƙarawa don su ɓoye ɗanyen rum. Dokar Tarayyar Turai ta hana sukarin ya wuce giram 20 cikin lita. Gwajin mai sauƙi ne: a shafa ɗigo a bayan hannu a bar shi ya bushe, in ya yi danƙo, mai yiwuwa an zuba. Shekarun da aka rubuta ma sai an tambayi inda gangar ta zauna. A zafin Karebiyan ganga kan yi asarar kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari a shekara, a sanyin Turai kusan 2, don haka shekara takwas a Guyana ba ɗaya take da takwas a Liverpool ba.

In ana gwada kwalabe da yawa, uku sun isa a zama ɗaya, a fara da marar ƙarfi, a bar mai Jamaika da yawa zuwa ƙarshe, a kurkure baki da ruwa tsakani. Bayan an gama kada a wanke kofunan. A rufe su da ɗan faranti, a dawo bayan rabin sa'a. Barasar ta tashi, abin da ya rage a gindin kofin shi ne ainihin haɗin: mai kyau zai bar ƙamshin taba, mazarƙwaila da katako, wanda aka yi wa kwalliya kuwa ƙaurin sukari kaɗai zai bari.