Godiya ga waɗanda suka riƙe hannun ƙanena

Alhamdu lillahi. A madadin Hajiyarmu da duk 'yan gidanmu, ina miƙa godiya ga waɗanda suka zo 'yar walimar da muka yi ranar Asabar a nan Kaduna, ta cikar ƙanena shekara guda bai kai giya bakinsa ba. Shi ya ba ni izinin yin wannan rubutu, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko na abokan zamansa a ƙungiyar masu neman daina shan giya, saboda haka ƙa'idarsu take.

Muna gode wa likitoci da ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ranar da muka kai shi, jikinsa rawa yake yi, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf, yana nuna bango yana cewa ga ƙwari nan suna tahowa. Maƙwabta suka ce iskoki ne. Likita ya ce mana idan jiki ya daɗe da sabawa da giya aka yanke ta lokaci guda, cikin kwana biyu zuwa uku ana iya samun wannan ruɗewa da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Don Allah duk mai irin wannan mara lafiya kada ya kulle shi a ɗaki wai ya daina da ƙarfin tsiya, a fara da asibiti.

Ke kuma Sista da kika rubuta mana lambar wani bawan Allah a bayan katin magani ranar sallama, Allah ya biya ki. Na daɗe ina cigiya a ɓoye, ban san wa zan tambaya ba. A garinmu mace ba ta iya buɗe baki ta ce ƙanenta na sha, balle ta tambayi inda masu son dainawa suke haɗuwa.

Mai lambar nan shi ne dattijon da ƙanena yake kira Baba. Kirista ne, ma'aikacin gwamnati mai ritaya, shi ma ya yi fama da kwalba a da. Shi ya fara haɗa shi da zama ta Zoom, daga baya ya riƙa ɗaukarsa a babur zuwa inda suke taruwa. Tsarin da suke bi na Alcoholics Anonymous ne, wato ƙungiyar masu taimakon juna su daina shan giya, wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, mai matakai 12. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a cike takarda, sharaɗin kawai mutum ya kasance yana son ya daina. Sau ɗaya na halarci zaman da ake barin dangi su shiga. Kujerun roba ne a zagaye, da fulas ɗin shayi a gefe. Kowa ya faɗi sunansa na farko, ya faɗi abin da ya same shi a makon, babu mai katse shi, babu mai yi masa wa'azi. A nan na ji ƙanena ya faɗi da bakinsa yadda yake ɓoye 'yan ledojin giya a ƙarƙashin kujerar kekensa, wani saurayi a gefensa yana gyaɗa kai don shi ma ya yi. Shekaru muna kuka muna yi masa faɗa, bai taɓa faɗa mana wannan ba. Mu ƙaunarsa muke yi, amma su sun san ciwon a jikinsu, ba ya iya yi musu ƙarya.

Baba, ban manta daren da ya kira ka wajen ƙarfe biyu yana cewa ba zai iya ba. Ka taso ka same shi a teburin mai shayi, ka zauna da shi har aka kira assalatu, sannan ka ce masa ya tashi ya tafi masallaci. Kullum maganarka gare shi ita ce ya riƙe yau kaɗai, gobe tana hannun Allah. Lokacin da ya zame a watannin farko ma ba ka juya masa baya ba, ka ce ya dawo a sake lissafi.

Muna gode wa limamin unguwarmu. Kawu ya je masa da damuwa, wai yaya ɗan Musulmi zai zauna cikin mashaya yana tona asirin kansa. Malam ya ce waɗannan masu neman tuba ne, ya karanto hadisin da ke cikin Bukhari na mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Shi ne ma ya sanar da mu cewa Musulmin Amurka suna da tasu ƙungiyar, Millati Islami, tun 1989. Daga ranar Kawu da kansa yake tuna masa ranar zama.

Sai matarsa, wadda ta haƙura lokacin da mutane da yawa suka ce ta tattara kayanta. Amaryarmu, mun ga abin da kika shanye, Allah ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki. Hajiya ta ce in gaya wa duk 'yan zaman nan cewa tana saka su a addu'a ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daina zuwa, Allah ya dawo da su lafiya.