Abin da neman tallafin fassara ya koya mini

Sau biyu na nemi tallafin kuɗi don aikin fassara ban samu ba, sai a karo na uku aka ba ni, shi ma ba duk abin da na nema ba. Aikin kuwa wasu waƙoƙin wa'azi ne na Fulatanci, a rubuce da ajami, waɗanda na tarar a gafakar wani dattijon malami a unguwar Giɗaɗawa da ke Sakkwato. Burina in mayar da su Hausar boko, domin da yawa daga cikin jikokin waɗanda suka rubuta su ba sa jin Fulatanci yau.

Takardata ta farko tarihi na zuba a ciki. Na kawo Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, na kawo yadda Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa don jama'a su ji, na ce ni ma sawunta nake bi. Na ambaci kundayen da ke gidan tarihi na Waziri Junaidu. A zuciyata duk wanda ya karanta wannan ba zai iya hana ni ba. Amsar da ta zo layi biyu ce. Daga baya na kai wa wata malamar jami'a da ta saba da irin waɗannan takardu, ta karanta tsaf ta ce, "Malam, ka faɗa musu darajar Sakkwato, amma ba ka faɗa musu baiti nawa za ka fassara a wata ba, wa zai duba maka, wa zai buga, wa zai karanta." Maganar ta yi mini ciwo, amma gaskiya ce. Masu tantancewa suna da tulin takardu a gabansu, kuma kowa yabon garinsu yake yi.

Da na zauna na bi gidauniyoyin ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da inda ƙofofinsu suka fuskanta. Asusun PEN/Heim na Amurka da PEN Translates na Ingila duk fassara zuwa Ingilishi suke ɗaukar nauyi, na biyun ma kamfanin ɗab'i ne ke nema, ba mafassari ba. Cibiyar Goethe tana tallafa wa fassarar littattafan Jamusanci zuwa wasu harsuna. Shirin ceto tsofaffin takardu na Ɗakin Karatu na Birtaniya hotunan rubuce-rubuce yake biya a ɗauka, ba fassara ba. TETFund kuma, hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi ta ƙasar nan, ta malaman manyan makarantun gwamnati ce. Mai son ɗauko magana daga Fulatanci ya kai ta Hausa, daga wannan zaure zuwa wancan, sai ya sha yawo kafin ya ga inda zai shiga.

Nan na yi kuskure na biyu. Na karkata aikin ya bi kuɗi, na ce Ingilishi zan fassara. Samfurin da na aika ya fito ba gishiri ba yaji, saboda ni kaina ban san wa nake rubuta wa ba. Ba su ba ni ba, kuma na ga gaskiyarsu.

Darasin da ya fi shiga jikina a wurin kasafin kuɗi na same shi. A takardun farko ban sa wa kaina ladan aiki ba, ban sa wa Malam, dattijon mai gafakar, ko kwabo ba. Kunya ta hana. Mun tashi muna ganin hidimar ilimi don Allah ake yinta, a sa mata farashi kamar rashin ladabi ne. Amma wa ke yin aikin? Ranar nan bayan La'asar, cikin zafin watan Afrilu, muna zaune a zaurensa, na karanta wani baiti na faɗi ma'anar da na ba shi. Ya karɓi takardar, wadda gefenta duk ya ci, ya kai ta daf da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ɗana, wagga kalma ba haka aka karanta ta ba. Ɗigo guda ya goge, shi ya ɓad da kai." Ya rera baitin da karin da ya ji a bakin kakarsa, sai ga ma'ana ta fito fes, akasin tawa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, da na buga haka fa?" Ya ce, "Da ka yi wa mamaci ƙarya." Babu ƙamus ɗin da zai ba ni abin da ya ba ni a ranar, amma a kasafina kuɗin takarda da tawadar firinta sun sami gurbi, shi bai samu ba.

A karo na uku na sa sunansa a matsayin abokin fassara, da izininsa, na rubuta kwana nawa za mu zauna da abin da za a biya shi kowane zama. Na sa kuɗin kabu-kabu da na mota zuwa Wurno inda aka ce akwai wani kwafi. Na sa kuɗin naɗar murya, don yawancin matan da aka yi waƙoƙin dominsu a waya za su saurara, ba a littafi ba. Wannan sashen, na ji daga baya, shi ya fi jan hankalin masu tantancewa. Na kuma haɗa da takardar amincewar iyalin da waƙoƙin ke hannunsu. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan shekara 70 take karewa bayan rasuwar marubuci, don haka waƙoƙin sun daɗe da fita daga hurumin doka, amma takardar ajamin tana da masu ita, kuma amana ce a hannunsu.

Abu ɗaya da ban hango ba shi ne naira. Na yi lissafina kafin faɗuwarta a 2023, kafin mu kai ga bugu kuɗin takarda ya yi tashin gwauron zabi, dole na rage yawan kwafin. Yanzu duk wanda ya kawo mini kasafinsa ina ce masa ya bar wani kaso a gefe, ya kuma bayyana dalili a fili. Rasit ma ya adana kowanne, ko na ruwan leda ne, domin rahoton ƙarshe shi ke buɗe ƙofar nema na gaba.

Ranar da kason farko ya shigo asusu na kai wa Malam nasa a ambulan, da takardar sa hannu. Ya ƙi karɓa har sau biyu. Na ce masa in bai sa hannu ba, ni za a tuhuma da cin kuɗin. Sai ya ce a miƙo masa alƙalami, ya rubuta sunansa da ajami a kan layin, ya tura ambulan ƙarƙashin buzu, ya ce mu koma baiti na goma sha bakwai.